Gidan Bazawara Ma Gida Ne

Gida iri ɗaya muka sani a baki. Shi ake kwatantawa a wa'azin ɗaurin aure, shi tsofaffi ke yi wa amarya fata ranar da aka kai ta ɗaki: maigida ya fita nema da safe ya dawo da cefane, uwargida na tsakar gida, in akwai amarya tana nata ɗakin, yara kuma duk uba ɗaya. Gida ne mai kyau, ni ma a irinsa na tashi, kuma shi nake roƙa wa 'ya'yana. Abin da ke damuna shi ne mun mayar da shi mudu, duk gidan da bai cika shi ba sai mu ce tauyayye ne, sannan mu ɗora laifin a kan waɗanda suka rage a ciki suna fama.

Mai shakka ya bi lungunan unguwar Hausare a nan Garwa, a arewacin Kamaru, da yamma, ko unguwar Yelwa, ko Rumde Ajiya, ya riƙa tambayar wa ke ciyar da kowane gida. Zai tarar da kakar da ita ce uwa ita ce uba, tana suyar ƙosai tun asuba saboda jikokin da 'yarta ta bari ta yi sabon aure a Ngaundere. Zai tarar da matar da mijinta ya hau jirgin ƙasa zuwa Yawunde da sunan wata uku, yau jaririn da ya bari a goye yana zuwa makarantar allo da ƙafarsa, ba saki ba aike. Akwai wadda ta fita takaba ta ƙi yarda a rarraba mata yara tsakanin baffanni, ta kama sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Akwai ma, ko da ba su da yawa, mazan da matansu suka rasu suka ci gaba da riƙon yaransu da kansu. Da wuya ka bi lungu har ƙarshensa ba ka wuce ƙofar ɗayansu ba.

Mun kuma san inda suka fito. Tun 2014 da Boko Haram ta matsa wa garuruwan bakin iyaka, su Kolofata da Amcide da Kerawa da Fotokol, an kashe maza a gona da kasuwa da cikin 'yan sintirin sa-kai, matansu suka gangaro Mora da Mokolo da Marwa, wasu har nan. Sansanin Minawawo da aka buɗe kusa da Mokolo a 2013 ya tara dubun-dubatar 'yan gudun hijira daga Najeriya. A watan Disamba na 2021, faɗan Musgum da Larabawa Shuwa da ya taso daga yankin Logon-Birni ya kai har Kuseri, jama'a suka haye kogi zuwa Cadi, akasarinsu mata da yara. A Mayo-Rey da Adamawa masu satar mutane sun talauta makiyaya, wasu an biya fansarsu ba su dawo ba. Hanyar Ngaundere zuwa Kuseri ita ma ta ci direbobi da yaran mota ba adadi. Wannan duk ƙaddara ce, ba mai ja. Amma a unguwanninmu na cikin gari, a ganina, bakin miji ya fi bindiga mayar da mata zawarawa. Ana saki a kan kuɗin cefane, ana saki don uwar miji ta ce ko ni ko ita, ana saki don an hango wata yarinya alhali ɗakin ɗaya ne. Wani ma yanzu ba ya iya kallon idonta, a WhatsApp yake aiko mata.

To ga ta ta fito, da yara biyu da ƙullin kaya. Ina za ta?

A da amsar a bayyane take: gidan ubanta. Gidan gandu ne mai faɗi, akwai ɗakin inna, akwai rumbu, tukunya ɗaya ce ga kowa, cokali uku da suka ƙaru ba sa girgiza kowa. Ta yi idda, ta huta, masu zawarci su fara sallama a zaure. Duk wanda ya zauna da tsofaffinmu mata ya ji yadda suke lissafa aurensu ba tare da sunkuyar da kai ba: na fari wane, muka rabu, sai wane ya rasu ya bar ni, sannan kakanku. Haka ma riƙo. Ɗan fari sau da yawa a hannun kakanni yake tashi saboda kunya, goggon da ba ta haihu ba a ba ta 'ya tun daga yaye, ta rene ta har ta yi mata kayan ɗaki. Yaro ya tashi yana kiran mata uku inna, ba wanda ya ce gidansu ya lalace. Masu cewa zamani ne ya kawo mana gidaje barkatai sun manta yadda gidajen kakanninsu suke.

Abin da zamani ya kawo daban ne. Gandu ya watse. Mai gidan ya rasu, an raba gado, an sayar da rabin filin, an yanka sauran an yi shaguna a bakin titi. Yayanta da take tunanin komawa wurinsa yana ciki da falo ne da matarsa da 'ya'ya biyar, yana tuƙa babur daga safe har dare. Sati biyu ana fara'a, na uku matar yaya ta fara ajiye kwano da ƙarfi. Ginin da ke ɗauke da dokar ya rushe, dokar kuwa tana nan daram: mace ba ta zama ita kaɗai. Sai ta tara 'yan kuɗin adashi ta fita neman haya, mai gida ya dube ta sama da ƙasa ya ce, “Baiwar Allah, ina maigidan naki?” Ta ce sun rabu. Ya ce, “Ki yi haƙuri, ba ma ba mace ɗaki, sai dai ki zo da wani namiji naki ya tsaya miki.” Mutumin nan ya ba samari 'yan kasuwa haya suna kwana kiɗa bai ce uffan ba. In ta yi sa'a wani ya ba ta, kafin ta gama shimfiɗa leda an riga an raɗa mata suna a majalisa: mai zaman kanta. Ƙanenta ya zo gaishe ta, a ce ga na yau. Ta sayi sabon zane da ribar ƙuli-ƙuli, a ce wa ya saya mata. Ta yi fara'a laifi, ta ɗaure fuska a ce shi ya sa aka sako ta, ai ruwa ba ya tsami banza.

Nan ne ɓarnar take, kuma ba a zuciyarta kaɗai take tsayawa ba. Macen da aka hana sakat za ta amsa wa duk wanda ya fara sallama, ko ba ta san shi ba, ko ta san shi ta san halinsa, don dai a daina nuna ta. Shi kuma sharaɗinsa ɗaya: ban da yara. Sai a watsa su. Namijin a tura shi wurin uban da bai tambaye shi ba tun da aka rabu, ya faɗa hannun kishiyar uwa, in ya yi yawa a haɗa shi da wani malami a kai shi garin da ba mai sake jin labarinsa. Macen a bar ta wurin kaka ta ɗauki farantin talla. Wanda aka yarda ya bi uwarsa ya zama agola, yana cin tuwo yana kallon fuskar mai gida. Bayan shekara goma mu gan su a tashar mota ko a bakin kasuwa, mu girgiza kai mu ce ka ga 'ya'yan zawarawa, tarbiyyar mace ai ba ta yi. Ba mai tuna cewa uwar ta so ta riƙe su a ɗaki ɗaya ta yi musu tarbiyyar, mu ne muka hana ta ɗakin.

Shi fa mutumin da ya yi sakin? Yana sahun gaba a masallaci. Ya saki uku, ya bar 'ya'ya a gida uku, bai san kuɗin makarantar ko ɗaya ba, amma in ya zo majalisa ana matsa masa a tabarma, in ya nemi budurwa ana ba shi. Ban taɓa jin mai haya ya tambayi namiji ina matarsa ba. Abin mamaki ma, namijin da ya tsaya shi muke yi wa dariya. Wanda matarsa ta rasu ya ƙi gaggawar aure don kada yaransa su wahala, ana ganinsa yana wanke musu kaya ko ya goya ƙaramin a babur zuwa asibiti, sai a ce gwauro ya zama mace. Wanda matarsa malamar makaranta ce ko ma'aikaciyar jinya, albashinta ke riƙe gidan a watannin da kasuwarsa ta tsaya, shi kuma yana kai yara makaranta yana ɗora ruwan zafi kafin ta dawo, sunansa mijin-tace ko mijin Hajiya. Na san gidaje irin wannan da suka fi na masu zagin zaman lafiya nesa ba kusa ba. Nana A'isha da aka tambaye ta me Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake yi a gida, cewa ta yi yana cikin hidimar iyalinsa, in lokacin salla ya yi ya fita. Ayar Suratun Nisa'i da maza ke son jawowa a kan shugabancin gida, ta 34, ita da kanta ta ambaci ciyarwa daga dukiyarsu cikin dalilan shugabancin. Mun haddace rabin farko, rabin biyun ya ɓace mana.

Ni ba malami ba ne, ɗan zaure ne kawai da ya zauna gaban malamai, amma abin da zan faɗa ba ɓoyayyen ilimi ba ne. Ayar farko ta Suratuɗ Ɗalaƙ ta hana a fitar da matar da aka saka daga gidanta a cikin idda. A wurinmu kuwa a daren ake kwashe mata kaya, wani lokaci iyayenta ne ma ke aiko a ɗauko ta don zuciya. Risala, littafin Ibn Abi Zaid da duk ɗalibin fiƙihun Malikiyya ya bi ta kansa, ta faɗa ƙarara cewa bayan saki renon yaro na uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare, in uwar ta rasu ko ta yi wani aure ya koma ga kaka, sannan 'yar'uwar uwa. Ciyarwa kuma tana kan uba duk inda yaron yake. Wato gidan da uwa ke zaune da 'ya'yanta bayan rabuwa, da gidan da kaka ke riƙon jikoki, malaman mazhabarmu sun san da su tun fiye da shekara dubu, sun tsara musu hukunci. Mu ne muka zo muka ce yaro da an yaye shi na uba ne, a ƙwace shi, ko kuma in an bar mata shi to ta ci kanta, ba sabulu ba hatsi. Matar mamaci tana da tumunin dukiya in akwai 'ya'ya, rubu'i in babu, amma sau nawa muka ga 'yan'uwan miji sun kulle shago tun kafin sadakar bakwai?

Agola kuwa, wanda muka mayar abin zolaya, a gidan Annabi ma akwai shi. Ummu Salama da 'ya'yanta ta shigo bayan rasuwar mijinta. Hadisin nan da ake koya wa yara na cewa ka ambaci sunan Allah, ka ci da dama, ka ci abin da ke gabanka, ɗanta Umar aka faɗa wa, suna cin abinci a akushi ɗaya da mijin uwarsa. A cikin matan Annabi, Nana A'isha ce kaɗai ya aura tana budurwa, sauran duk sun taɓa aure. Shi kansa bai ga mahaifinsa ba, mahaifiyarsa ta rasu yana da shekara 6, kakansa ya riƙe shi har ya kai 8, sannan baffansa Abu Ɗalib. Muna jin wannan duk watan Maulidi, muna hawaye, mu fito mu kira yaron maƙwabta goyon kaka.

Bangaren hukuma ma akwai abin da ya kamata mu sani, don rashin saninsa mata da yara yake ci. Kamaru har yau ba ta kammala kundin dokar iyali nata na kanta ba, an daɗe ana maganarsa, amma an yi dokar rajistar haihuwa da aure da mutuwa a 1981. Dokar nan ta amince da auren mace fiye da ɗaya: ranar da kuka je ofishin magajin gari, wato meri, ana tambaya a rubuta ko auren mace ɗaya ne ko na fiye. Saboda haka mai cewa takardar meri ta Nasara ce, za ta hana shi ƙara aure, ko dai bai sani ba ko yana fakewa ne. Dokar ta kuma ce in miji ya rasu magadansa ba su da iko a kan matarsa, ko 'yancinta, ko kasonta na dukiya, kuma bayan kwana 180 tana iya auren wanda ta so ba tare da wani ya nemi a biya shi komai ba. Kundin hukunta laifuka na 2016 ya sa korar abokin aure daga gida ba tare da hukuncin kotu ko ƙwaƙƙwaran dalili ba ya zama laifi mai ɗaurin wata 3 zuwa shekara 1, da tarar sefa 50,000 zuwa 500,000, hukuncin kuma yana ƙaruwa in matar tana da ciki. Duk wannan yana rubuce. Sai dai auren yawancinmu a masallaci ko ƙofar gida ya tsaya, an raba goro an watse. Wadda ba ta da takardar aure, da me za ta nuna wa kotu cewa matarsa ce? Ma'aikacin kamfanin auduga na Sodecoton ko na wani kamfani ya rasu bayan shekara da shekaru ana yankar albashinsa, matarsa ta je CNPS, hukumar fanshon ma'aikata, neman haƙƙinta, a ce ina takardar aure, ta tsaya tana kallon ma'aikacin. Na sha jin maza na cewa takardar nan tana sa mace ta yi ƙarfin kai. In aka tone maganar, abin da suke gudu shi ne ranar da za a tambaye su.

Yanzu ga wanda ya fi wuyar faɗa, kuma na san wasu za su daina karatu a nan: yaron da aka haifa ba aure. Zina haramun ce, ban zo sassauta ta ba. Amma mutum biyu suka yi ta, jaririn ba ya cikinsu. Alƙur'ani ya maimaita a wurare da dama, har da Suratul An'am da Faɗir da Najmi, cewa wani rai ba ya ɗaukar nauyin zunubin wani. Fiƙihu ya jingina yaron ga uwarsa, yana gadonta tana gadonsa, Musulmi ne kamar kowa. Mu kuwa me muke yi? A ɓoye yarinyar a ƙuryar ɗaki ko a tura ta ƙauye, ta haihu a gida ba awo ba asibiti, ba ragon suna, ba wanda zai je meri ya yi rajista don kada a gan shi. Alhali doka ta yarda a ba yaro takardar haihuwa ko babu sunan uba a kai, kuma in uban ya yarda yana iya amsa shi a gaban jami'in rajista da yardar uwar da shaidu biyu. Yaron ya girma, yana da ƙoƙari, ya kai ajin ƙarshe na firamare, a ce ba zai zauna jarrabawar kammala firamare ta CEP ba sai da takardar haihuwa. Wa'adin rajista ya wuce tuntuni, sai an je kotu an samo hukunci, da kuɗi da shaidu da zirga-zirga, kakar da ke riƙonsa ba ta da ko ɗaya. Karatu ya ƙare ke nan. Wanda ya yi cikin kuwa tuni an ɗaura masa aure da wata, an yi walima. A watan Afrilu na 2022 ministar makarantun sakandare, Nalova Lyonga, ta fitar da umarni cewa a daina korar ɗalibar da ta yi ciki, ta ci gaba da karatu ta kuma dawo bayan haihuwa. Da yawa a majalisunmu sun ce an buɗe ƙofar lalata. Ni ban ga yadda jahiltar da uwa zai gyara tarbiyyar ɗanta ba.

Akwai ma waɗanda ko laifin ba su yi ba. 'Yan matan da aka sace a ƙauyukan Mayo-Sava da Mayo-Tsanaga, aka aurar da su ƙarfi da yaji a daji, suka kuɓuto da goyo. Sun tsira daga masu bindiga, sun dawo gida an ce musu matan Boko Haram, 'ya'yansu kuma ana hana yara wasa da su wai jini ba ya ƙarya, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Yaron da aka rene shi da wannan magana kullum a kunnensa, ranar da wani ya zo ya ce masa zo wurinmu, mu ne naka, me muke zaton zai ce?

Mutanen Garwa sun san cewa Ahmadu Ahijo, da aka haifa a garin nan a 1924 ya kuma mulki Kamaru daga 1960 zuwa 1982, a hannun mahaifiyarsa ya tashi, ita ta sa shi makarantar allo kafin boko. Ina kawo shi ne don an san shi, ba don ina ganin sai yaro ya zama shugaban ƙasa za a girmama uwarsa ba. Wadda ɗanta ya zama tela mai gaskiya a babbar kasuwa, ko mai gyaran babur da ba ya cutar kowa, ta yi aikinta cif.

Zan wuce da sauri ta kan wasu biyu, ba don sun yi ƙanƙanta ba. Ma'auratan da Allah bai ba haihuwa ba, matar ake kira juya, ita ake ɗura wa jiƙe-jiƙe, ita ake yi wa kishiya, shi ba mai cewa ya je a duba shi, alhali likitoci sun daɗe da tabbatar da cewa matsalar na zuwa daga namiji kamar yadda take zuwa daga mace. Suratush Shura, aya ta 49 da 50, ta ce Allah ne ke ba wanda ya so mata, ya ba wanda ya so maza, ya bar wanda ya so ba haihuwa. Nana A'isha ma ba ta haihu ba. Sai kuma maganar asali. Bahaushe ya auri 'yar ƙabilar Fali ko Giziga ko Mundang, ko ta musulunta ko iyayenta Kiristoci ne, shekara ashirin ana ce wa 'ya'yanta dangin uwarku. Abin dariyar shi ne mu ɗin nan mun san ɗacin abin. Mun san gidajen Fulanin da har gobe ba sa ba kaɗo 'ya, mun san ɗan mahauci da aka hana mata duk da kuɗinsa da karatunsa. Wanda ya yi aiki ko karatu a Yawunde ko Duwala kuma ya san irin murmushin da ake yi in ya ce mahaifinsa mata uku gare shi, su ashirin ne a gida. Yana jin zafi, yana cewa ba su san gidanmu ba suke yanke mana hukunci. Ya dawo hutu ya yi wa bazawarar lungunsu abin da aka yi masa.

Na san abin da za a ce. Da an ji ana maganar gidaje iri-iri sai a ce ajandar Turawa ce, ƙungiyoyi ne suka biya shi. Muhawarar da Turai ke yi a kan iyali tasu ce, ni ba ita na ɗauko ba. Duk gidan da na ambata a nan akwai shi tsakanin masallacin unguwarku da famfon da matanku ke ɗiban ruwa. Wata maganar da ta fi wannan nauyi ita ce ta dattawan da ke cewa in aka daina ƙyamar zawarci mata za su riƙa fita daga aure a kan abin da bai kai ya kawo ba, kuma yaro yana bukatar uba. Rabin maganar gaskiya ne. Yaro na bukatar uba, duk wanda ya tashi ba shi ya san giɓin, kuma macen da ke riƙe da gida ita kaɗai ita za ta fara gaya maka cewa ba daɗi take ji ba. Amma mu duba hannun wa igiyar take. A al'adarmu da shari'armu namiji ke saki, cikin daƙiƙa ɗaya, ba shaida ba alƙali. Mace in tana son fita sai ta yi yaji, a yi biko, ta kai ƙara fadar lamiɗo, ta mayar da sadaki. Shekara nawa muna ƙyamar zawarawa, sakin ya ragu? Tsoron da muke zubawa yana sauka ne a kan wadda ba ita ke yanke hukuncin ba. Iyakar abin da yake haifarwa shi ne ta zauna ana dukanta ta yi shiru, ko ta fita ta faɗa wani auren da ya fi na farko muni.

In da gaske muna son aure ya daɗe, akwai wurin da ya kamata a matsa, kuma ba ya bukatar kuɗin gwamnati ko na wata ƙungiya. Limamin da zai ɗaura aure yana iya cewa a kawo masa shaidar an je meri, ko a sa ranar zuwa, kamar yadda limamai da yawa yanzu ke neman takardar gwajin jini ba wanda ya ce sun yi bidi'a. Mai unguwa da ke shiga tsakani ranar rabuwa yana iya sa a faɗi abin da uba zai riƙa bayarwa duk wata a gaban shaidu, a rubuta, kafin kowa ya tashi. Mai gidan haya yana iya tambayar mace abin da yake tambayar namiji: sana'arki me ce, za ki iya biya?

Sai binciken aure, wanda muka iya ƙwarai in a kan yarinya ne. Ana tono uwarta aurenta nawa, kakarta daga wane ƙauye aka kawo ta, yayarta me ya fito da ita daga gidan miji. A kan mai nema kuwa tambaya biyu ce, yana salla, yana da abin yi, sai a aika wurin abokansa na majalisa su ce ai mutumin kirki ne. Waliyyin da ke son 'yarsa ya tura goggonta ko innarta wurin matar da mutumin ya saka bara, su zauna a tsakar gida su tambaye ta: “'Yar nan, tsakaninki da Allah, yaya zamanku ya kasance, kuma tun da kika fito wa ke sayen hatsin yaran nan?” In amsar ba ta yi daɗi ba, a mayar masa da goronsa, a kuma gaya masa dalili a gaban wakilansa, don ya ji a jikinsa yadda ake hana mutum abu saboda gidan da ya fito.